Kun hana ɗiyanku lakwal, wa zai karɓi haihuwar matanku?



Akwai maganar da a ke yi a kowane gari, a gindin icce, a bakin rijiya, a kasuwa. Wani ya ce: "Likitan garinmu ba shi da kirki." Wani ya ce: "Ran Juma'a ya kan hau babur ya tafi birni, sai Litinin." Wani kuma ya ce: "Ni matata ba za ta kwanta gaban namiji ba, ko da za ta mutu." Cikin kukan nan akwai gaskiya, kuma za mu zo kanta. Amma yau da masu kukan za mu fara, don laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani.

Ga tambaya. Cikin ɗiyan garinku, nawa ne su ke karatun aikin jinya yanzu? Ku ƙidaya. A garuruwa da yawa ba za a samu ko ɗaya ba. To, daga ina ku ke so likita ya fito? Daga sama za a jefo muku shi kamar ƙanƙara?

Mu yi lissafi

A shekarar 2006 Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wadda a ke ce wa OMS, ta auna abin da ƙasa ke bukata. Ta ce kowane mutum 10,000 suna bukatar ma'aikatan lafiya 23 aƙalla, wato lokotoro da masu jinya da ungozomar asibiti duka a haɗe. A Nijar ba mu kai ko 5 ba. Aikin mutum 23 ya hau kan mutum huɗu ko uku. In an ba mutum huɗu gonar da ta isa gayyar mutum 23, kun san yadda noman zai kasance.

Ga mu kuma muna ƙaruwa. Ƙidayar 2012 ta sami mutum miliyan 17 da ƴan kai a ƙasar nan. Yau mun haura miliyan 25. Kowane jinjiri da aka haifa yana bukatar awo, da allurar rigakafi, da magani in zazzaɓin damina ya kama shi. Dukan wannan hannun mutum ne ke yi, hannun wanda ya yi karatu.

Shekara nawa a ke yi kafin a zama mai jinya?

Yarinya ta shiga lakwal tana da shekara 7. Ta yi shekara 6 a ƙaramar makaranta. Ta yi 4 a kolaj, ta ci jarrabawar BEPC. Daga nan ta shiga makarantar lafiya ta yi shekara 3, ta fito ƙaramar ma'aikaciyar lafiya. 6 da 4 da 3, shekara 13 ke nan. Tana da shekara 20 ta zama mai amfanin gari. In ta zarce ta ci BAC, ta ƙara shekara 3 a makarantar lafiya, sai ta fito babbar mai jinya ko ungozomar asibiti tana da shekara 23.

Gwamnati tana da makarantun wannan aiki a Yamai da Damagaram. Ta Yamai tana ɗauke da sunan Damure Zika, wanda ya rasu a 2009. Shi ɗan Sorkawa masunta ne na bakin kogin Isa, ya yi aikin jinya har ƙasa ta san shi. Ɗan talaka ne irin naku.

Shekara 13 ta yi muku yawa? Ku tuna da gawo. Tun shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka koma barin ƴan itatuwa cikin gona lokacin sassabe. Wanda ya bar tsiron gawo a lokacin, yau ga inuwa, ga taki, ga abincin bisashe. Wanda ya sare nasa yana kallon na maƙwabci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da naƙuda ta yi gardama da tsakar dare, ba ranar ce za a fara neman wadda za a sa lakwal ba.

Mu ke sare tsiron da hannunmu

Binciken ƙasa na 2012 ya nuna cewa cikin ƴan mata 100 a Nijar, 76 an yi musu aure kafin su cika shekara 18. Ku dubi lissafin da muka yi a sama. Yarinyar da aka cire daga aji tana da shekara 13 ko 14 ta tsaya a tsakiyar hanya. Ita ce ungozomar da garinku ya rasa. Mutumin da ya cire ta, shi ne zai zo gobe yana rantsuwa cewa namiji ba zai taɓa matarsa ba. Malam, ka hana mace karatu, ka hana namiji aiki. Wa ya rage? Sai amalanke, da hanya mai nisa, da likkafani.

Ku san abin da mu ke magana a kai. Zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace cikin awa biyu. Akwai allurar da a ke yi wa mace da ta haihu don mahaifa ta tsuke, jini ya tsaya. Allurar ba ta da tsada, amma sai wanda ya koya zai yi ta. Jijjiga kuma tana ba da alama tun kafin ta zo: jini ya hau, fuska da hannuwa su kumbura, kai ya yi ta ciwo. Mai jinya tana ganewa a wurin awon ciki. Doguwar naƙuda ta kwana biyu ko uku ita ce ke jawo yoyon fitsari, har a 2012 aka buɗe asibiti na musamman a Danja, kusa da Maraɗi, don ɗinke matan da abin ya sama. Ungozomar da ta yi karatu ta san lokacin da za ta ce: "Wannan ta fi ƙarfinmu, a kai ta babban asibiti yanzu." Wannan kalma ɗaya ta ceci mata da yawa.

Amsa ga masu hujja

Wani zai ce: "Addini bai yarda mace ta yi wannan aiki ba." Ka tambayi malaman garinku labarin Rufaida. A Madina, a zamanin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, tana da tanti a masallaci inda ta ke jinyar waɗanda suka ji rauni. Lokacin da kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu a yaƙin Handak, tantinta aka kai shi. Wa ya fi su sanin addini cikinmu?

Wani zai ce: "Kolaj tana da nisa, yarinya za ta lalace a gidan mutane." Wannan tsoro na gaskiya ne, ba mu raina shi ba. Amma maganinsa yana hannunku. Ku nema mata masauki wurin dangi na kirki. Ku haɗa ƴan matan garinku uku ko huɗu a gida ɗaya, ku sa wata dattijuwa ta zauna da su. Ku riƙa kai musu hatsi, ku riƙa leƙa su ranar kasuwa. Mai tsoron ɓarawo ba ya yanka saniyarsa, garke ya ke gyarawa.

Wani zai ce: "Ba ni da kuɗi." Amma ran biki an sami kuɗin gado da katifa da kwanoni, har an sai da rago, har an ci bashi. Gari ɗaya ba zai kasa ɗaukar nauyin yaro ɗaya ko yarinya ɗaya ba, in kowane gida ya ba da tiya biyu ta hatsi da kaka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wani zai ce: "In ta yi karatu ba za ta sami miji ba." Ku duba asibitin da ya fi kusa da ku. Matan da ke aiki ciki, yawancinsu da aurensu da ɗiyansu.

Iyayenmu sun fi mu dabara

A shekarun 1960, a jihar Maraɗi, mutanen ƙauye suka fara zaɓen mutum nasu da ungozoma tasu. A kan kai su horo na ƴan kwanaki, su komo da akwatin magani. Suna wanke miki, suna sa maganin ido, suna ba da ƙwayar zazzaɓi. Wannan tun kafin taron Alma-Ata na 1978, inda ƙasashen duniya suka yarda cewa kiwon lafiya sai ya kai ga talaka a inda ya ke zaune. Iyayenmu ba su iya karatu ba, amma sun gane cewa ɗan gari shi ya kamata ya riƙe lafiyar gari.

Daga 2001 aka yi ta gina ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka. A 2006 gwamnati ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Ku ji sakamako. A 1998, cikin yara 1,000 da aka haifa, 226 ba su kai shekara 5 ba. A 2009 adadin ya sauko zuwa 128. A 2013 OMS ta shaida cewa kurkunu ya ƙare a Nijar. Ma'aikata ne suka bi gari gari da ƙafa da babur har haka ta samu. Amma ciwo bai yi barci ba. A 2015 sanƙarau ya kama mutum wajen 8,500 cikin wata shida, ya kashe 573. Irin wannan rana tana iya komowa, kuma hannuwa za ta tambaya.

Magana ga hukuma da ma'aikata

Yanzu ga rabon manya. Akwai samari da ƴan mata da suka gama makarantar lafiya, takarda a hannu, suna aikin sa kai shekara da shekaru ba albashi. Ga asibitin ƙauye da ma'aikaci ɗaya tak, shi ne dare, shi ne rana. Ga asibitin birni ma'aikata sun yi cincirindo, don kowa yana da babban da zai hana a tura shi daji. Uban da ya ga haka, yaya za mu ce masa ya sai da akuyarsa don karatun ɗiyarsa? A ɗauki waɗanda suka gama. A biya su kan lokaci. A ware wa ɗiyan karkara gurbi da tallafi a makarantun lafiya, da sharaɗin su koma yankinsu su yi aiki. A gina wa ma'aikaci ɗaki kusa da asibiti. Makarantun kuɗi da suka yawaita a birane, a sa musu ido, kada su karɓi kuɗin talaka su ba ɗansa takardar da babu ilimi a bayanta.

Ku kuma masu farar riga, mai ciwo ba bawanku ba ne. Tsohuwar da ta yi tafiyar awa uku da jika a baya ba ta cancanci tsawa ba. Mace ɗaya da kuka zaga a ɗakin haihuwa za ta hana goma zuwa. Kuma yarinyar da ta ga ana wulaƙanta uwarta ba za ta yi sha'awar aikinku ba.

Abin da za mu yi bana

Ku kira taro, da maigari, da liman, da kwamitin lakwal, da shugabar mata. Ku tambayi malamin lakwal sunayen yaran da suka fi ƙoƙari, mata da maza. Ku yi alkawari gaban jama'a cewa ba za a cire su ba sai sun ci BEPC. Ku je wurin majo na asibitinku ku tambaye shi lokacin jarrabawar shiga makarantar lafiya da takardun da a ke bukata. Ku tabbata kowane yaro yana da takardar haihuwa, don in babu ita jarrabawa ta kan gagara.

Ku da kuka koyi karatu da girmanku, kun san zaƙinsa, kun san kuma zafin rashinsa. Ku karanta wa waɗanda ba su iya ba wannan takarda, a dandali da cikin gida. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa mu ga ɗiyanmu cikin farar riga a garinmu. Amin.