Sharhi: Inda kuskuren binciken jami'a ke farawa kafin a kai ga kwamfuta

Mazauna Tudun Fulani, unguwar da ke gaba kaɗan da harabar Bosso ta Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, sun saba da wani irin baƙo. Yakan zo riƙe da takardun tambayoyi, ya tsaya a bakin shago ko gindin bishiya, ya nemi a ba shi minti biyar. Yau tambaya a kan ruwan sha, gobe a kan shara ko kuɗin haya. Amsoshin da ake ba shi a tsaitsaye su ne ke zama jadawali a kundin digiri, daga nan su shiga mujalla, wani lokaci har su kai teburin masu tsara manufofin gwamnati. Don haka maganar horar da masu bincike na jami'a kan dabarun bincike da nazarin bayanai ba ta malaman jami'a kaɗai ba ce.

Batun ya ƙara fitowa fili ne saboda kuɗi. Asusun Tallafa wa Manyan Makarantu, TETFund, wanda aka kafa da dokar 2011, ya riƙa samun kuɗinsa daga harajin ilimi da kamfanoni suka riƙa biya. Harajin ya tashi daga kashi 2 cikin 100 na riba zuwa kashi 2.5 a dokar kuɗi ta 2021, sannan ya kai kashi 3 a 2023. Kason da asusun ke warewa domin manyan bincike na ƙasa ya ƙaru daga naira biliyan 5 a 2019 zuwa biliyan 7.5 a 2020, ya kai biliyan 8.5 a 2021. Sai dai shugabannin asusun sun sha kokawa cewa da yawa daga cikin takardun neman tallafin da malamai ke aikowa ba sa cika ƙa'ida. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa tarukan ƙara wa juna sani kan rubuta takardar neman tallafi da sarrafa alƙaluma suka yawaita a jami'o'i.

Abin dubawa shi ne irin horon. Galibi taron kwana biyu ne ko uku: a haska allo, a nuna yadda ake shigar da lambobi cikin manhajar SPSS, a latsa nan a latsa can, jadawali ya fito, a raba takardar shaida. Ba a raina wannan ba, domin malamin da bai iya manhajar ba yakan biya wani ya yi masa nazarin, ya sa hannu kan sakamakon da ba zai iya karewa ba. Amma manhaja ba ta tambayar daga ina lambobi suka fito. Abin da aka zuba mata shi take niƙawa.

Misali mafi kusa na yadda hanyar bincike ke juya sakamako ya fito ne daga Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS. Ta ce a ƙarshen 2020 marasa aikin yi sun kai kashi 33.3 cikin 100. A rahoton da ta fitar a watan Agustan 2023 adadin ya koma kashi 4.1. Ba masana'antu aka buɗe a tsakani ba. Ma'anar “mai aiki” aka sauya: a da sai mutum ya yi aikin sa'a 20 a mako, yanzu ko sa'a ɗaya ya yi domin samun kuɗi ya shiga lissafi, bisa ma'aunin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya. Mai binciken da ya jera alƙaluman biyu a layi ɗaya, ya ce rashin aikin yi ya ragu, ya yi kuskuren da babu manhajar da za ta kama.

Kuskure na biyu yana wajen zaɓen mutanen da za a tambaya. Wanda ya duba kundayen digiri a jami'o'in Najeriya zai yi ta cin karo da lissafin Taro Yamane na 1967, wanda ke nuna adadin mutanen da ya kamata a tambaya, kuma idan al'umma na da yawa amsarsa kusan 400 ce. Lissafin ba shi da laifi, amma yana da sharaɗi: kowane mutum a cikin al'ummar ya kasance yana da damar faɗowa cikin zaɓen daidai da kowa. Ɗalibin da ya tsaya a bakin titin Tudun Fulani da hantsi ya cika takarda 400 bai cika wannan sharaɗi ba. Ya samu masu shago da 'yan acaɓa, ya rasa matan da ke cikin gida, da manoman da suka tafi gona, da ma'aikatan da suka shiga gari. Ga kuma wata matsalar: rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta, saboda haka adadin mutanen unguwar da ake ɗora lissafin a kansa shi ma hasashe ne.

Na uku, wanda aka fi mantawa da shi a tarukan horo, shi ne harshe. Da Ingilishi ake rubuta takardar tambayoyi, amma a Minna da kewaye da Hausa ake yi wa mafi yawan mutane tambayar, wasu da Gwari ko Nufanci, kuma mai riƙe da takardar ne ke fassarawa nan take gwargwadon iyawarsa. Duk wanda ya yi aikin fassara ya san haɗarin da ke nan. A ce wa magidanci, “Mutum nawa ne a gidanka?” zai iya lissafa ƙannensa da matansu da 'ya'yansu, alhali abin da masu ƙididdiga ke nufi shi ne waɗanda ke ci daga tukunya ɗaya. A tambayi tela, “Kana da aiki?” sai ya ce a'a, domin a wurinsa aiki shi ne na albashi, abin da yake yi sana'a ce. “Zazzaɓi” kuwa na iya zama na cizon sauro, na iya zama wani ciwon daban. Idan mutum goma suka fita fili kowa da tasa fassarar, tambaya goma aka yi, ba ɗaya ba. Maganin abin sananne ne kuma ba shi da tsada: a fassara takardar a rubuce, wani daban ya mayar da ita Ingilishi ba tare da ya ga asalin ba, a kwatanta, sannan a gwada ta a kan mutane kaɗan kafin a fita. Kwana biyu sun isa a koyar da wannan.

Kada a ɗauka matsalar ta masu nazarin zamantakewa ce kawai. Jami'ar ta Minna, wadda aka kafa a 1983, tana da cibiyar nazarin gubar fumfuna da tsaftar abinci, ɗaya daga cikin cibiyoyin ƙwarewa na Afirka da Bankin Duniya ya tallafa wa. Gubar afilatoksin da ke kama masara da gyaɗa, wadda ke da alaƙa da sankarar hanta, ba ta bazuwa daidai a cikin buhu. Takan taru ne a 'yan ƙwayoyi kaɗan. Masana sun daɗe da tabbatar da cewa mafi girman kuskure a gwajinta yana faruwa ne wajen ɗibar samfuri, ba a cikin na'ura ba. Wanda ya ɗebi tafi ɗaya daga bakin buhu na iya wanke hatsi mai guba, ko ya jawo wa manomi asarar kaya mai kyau.

Saboda haka horon da zai yi amfani shi ne wanda zai bi mai bincike tun daga tsara tambaya har zuwa adana bayanan da ya tattaro, ta yadda wani zai iya sake lissafin ya ga ko zai samu amsa iri ɗaya. Kayan aikin ba su ne cikas ba: manhajar R kyauta ce, haka ma KoboToolbox da ake tattara amsoshi da ita ta wayar hannu, wadda ke iya nuna wuri da lokacin da aka yi kowace hira. Cikas ɗin yana wajen lada. Muddin ƙarin girma a jami'a ya fi dogara ga yawan maƙalun da malami ya wallafa, wanda ya shafe wata uku yana bin gida-gida a Tudun Fulani zai ga abokin aikinsa da ya raba takardu a aji guda ya riga shi zama babban malami. Wannan kuwa hukunci ne da ke hannun majalisun jami'o'i da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ba masu shirya taron kwana uku ba.