Kada A Kashe Kyanwa Da Sunan Jinya

A Agege da Sabon Badun da Shagamu, da wuya a sami shagon hatsi ko na busasshen kifi wanda babu kyanwa a ciki. Ita ce mai gadin dare, ba ta kuwa karɓar albashi. Amma ran da mota ta buge ta, sai maigida ya murƙushe Panadol ya ɗura mata, wai taimako. Wannan kisa ne. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wannan magani, ƙwaya ɗaya tana iya halaka ta. Haka Dettol, in an shafa mata za ta lashe, ya zame mata guba.

Abin da ya kamata shi ne a naɗe ta da tawul don gudun cizo, a wanke ciwon da tafasasshen ruwa da ya huce, da ɗan gishiri. A riƙa dubawa safe da yamma, domin a danshin Kurmi ƙuda ba ya jira.

In karaya ce, aikin likitan dabbobi ne. Bayan ɗori a killace ta a keji kamar mako 6 zuwa 8, kada ta yi tsalle. Wasu suna ƙin haka saboda hadisin matar nan da ta tsare kyanwa. To, ai ita hana ta abinci ta yi. Wannan kuwa ana ajiye mata ruwa da dafaffen kifi marar ƙaya, da yashi a tasa don bahaya. In ta kwana 2 ba ta ci ba, a mayar da ita wurin likita.