Daga Kasuwar Dandume Zuwa XZ: Wa Ke Tantance Manhajojin Hada-hadar Kuɗi?

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, cinikin masara a kasuwar Dandume ya ƙara karkata ga na'urar POS da tura kuɗi ta waya. Sai dai manhajojin da ke ɗauke da wannan ciniki harhaɗa su ake yi daga sassa da yawa, sannan wata manhaja da ake kira kwamfaila ta juya su zuwa harshen na'ura.

A nan haɗarin yake. A 1984, masanin kwamfuta Ken Thompson ya nuna cewa ana iya ɓoye ƙofar ɓarayi cikin kwamfailar kanta. A watan Maris na 2024 kuma, injiniyan Microsoft, Andres Freund, ya bankaɗo wata ƙofar da aka cusa cikin XZ Utils, wani sashe na tsarin Linux, ta hanyar fayilolin harhaɗawa.

Ɗan kasuwa ba shi da halin bincikar wannan. Don haka ya wajaba Babban Bankin Najeriya da hukumar NITDA su tilasta wa bankuna da kamfanonin POS ajiye jerin kowane sashe da asalinsa, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.