ADO DA KWALLIYA: Wankin kai ba sai ranar kitso ba

A wannan watan za mu ɗan ajiye zancen hoda da jan baki mu leƙa ƙarƙashin ɗankwali, domin masu karatunmu na Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura duk kuka ɗaya suke yi: gashi na karyewa, kai na ƙaiƙayi, gaban goshi kuma sai gudu baya yake.

To 'yar uwa, ki fara sanin irin gashin da Allah ya ba ki. Da yawanmu mun tashi muna kallon su Hema Malini da Sridevi da Madhuri Dixit suna kaɗa gashi a cikin rawa, sai muka ɗauka namu ne yake da matsala. Wallahi ba haka ba ne. Silin gashinsu miƙaƙƙe ne, maiƙon da fatar kai ke fitarwa yana gangarowa har ƙarshensa ba wahala. Namu kuwa a nannaɗe yake, maiƙon ba ya iya bin duk lanƙwasar nan, shi ya sa za ki ga tushen da maiƙo amma bakin gashin a bushe ƙamas. Kowace lanƙwasa kuma wuri ne da gashi zai iya tsinkewa. Ke nan wankin da ya dace da Ba'indiya ba shi ya dace da ke ba.

Ga kuma yanayin yankin. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ke kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, kuma Babura da ke bakin iyakar Nijar ai ita ke fara yi mata maraba. Da bazara sai zufa a ƙarƙashin hijabi. Ƙura da zufa da man da kike shafawa kullum, in suka haɗu suka yi wata guda a cikin kitso, me kike tsammani?

Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka ta ba masu irin gashinmu shawarar wanke kai sau ɗaya a sati, ko sau ɗaya a sati biyu. Kullum ya yi yawa, zai busar da shi. Wata guda kuma ya yi nisa. Ki tsayar da rana, misali Alhamis da hantsi, yadda kan zai bushe kafin Magariba. Ko da kitso a kanki za ki iya wankewa, ki bi tsaga-tsaga da ruwan kumfa a hankali.

Ranar tsifa kuwa ga inda ake yin ɓarna. Mutum yana zubar da silin gashi 50 zuwa 100 a kowace rana, haka halitta take. In kitso ya yi sati uku, sili sama da 1,000 ne suka riga suka tsinke daga tushe suna maƙale a ciki. Don haka kada ki firgita in kin ga dunƙulen gashi a mataji. Amma ki fitar da shi tukuna da yatsu da ɗan man kwakwa ko man zaitun kafin ruwa ya taɓa kan. In kika zuba ruwa a kan tsifar da ba a warware ba, gashin zai cuɗe ya zama kamar tabarma, ƙarshenta sai almakashi.

Da kin warware, sai ki raba kan gida huɗu ko shida ki ɗan tufke kowane ɓangare. Ruwa mai ɗumi za ki yi amfani da shi, ba mai zafin gaske ba. Fatar kai ita ake wankewa, da cikin yatsu, ban da farce, ban da tsinken tsifa. Kumfar da ta gangaro ta isa ta wanke sauran gashin. Kada ki tattara shi a tsakiyar kai kina cuɗawa kamar mai wankin zani.

Da me za a wanke? In da hali, shamfu mai laushi. In kuma sabulun salo ne, ki jiƙa ɗan kaɗan a ruwa ki tace, kada ki goga dunƙulen a kai. Shi sabulun salo da toka ake haɗa shi, yana da kaifi irin na kanwa, gashi da fatar kai kuwa sun fi son abu mai ɗan tsami-tsami. Shi ya sa bayan ɗauraya yana da kyau ki bi da ruwan tsamiya da aka tsinka sosai, ko cokali ɗaya na kal a kofi biyu na ruwa, sannan ki sake ɗaurayewa. Wannan zai taimaka miki kuma in ruwan rijiyarku ko na burtsatse irin wanda sabulu ba ya kumfa da shi ne, yana barin fari-fari a gashi. Omo da sabulun soda kuwa, don Allah Hajiya ki bar wa kwanuka da tufafi.

Kada kuma mu raina na gida. Karkashin nan da muke miya da shi, in kika jiƙa tafin hannu ɗaya a ruwan ɗumi na kamar minti 15 ya yi yauƙi, kika tace, zai sa mataji ya wuce sumul. Irinsa ne matan Chadi ke kira ambunu, yanzu har Turai da Amurka ake kai shi a leda. Garin ganyen magarya ma in an kaɗa shi da ruwa yana kumfa, yana wanke kai ba tare da ya busar da shi ba. Bayan wanki ki sa kwandishina ko karkashin, ki taje da mataji mai manyan haƙora, daga bakin gashi zuwa tushe.

Sai busarwa. Ki matse ruwan da tsohuwar riga ta auduga, kada ki murje da tawul. Tun yana da ɗan danshi ki shafa man kaɗanya a jikin gashin, musamman bakinsa. Ki bari ya bushe sarai kafin ɗankwali ya hau. Matan aure, wannan da ku nake: ruwan wankan tsarki ba shi ne wankin kai ba, kuma jiƙaƙƙen kitso da aka rufe da hula da hijabi shi ke kawo warin nan da maigida zai ji ya kasa faɗa. Ki buɗe kan a cikin ɗaki ko tsakar gida ya sha iska.

Mai amosani ta daina cika wa fatar kai mai, domin ƙwayar da ke haddasa shi da maiƙo take rayuwa. Ta nemi shamfu mai sinadarin ketokonazol a kemis, ta bar shi ya yi kamar minti 5 a kai kafin ta ɗauraye. Amma in kika ga kan yarinya yana yin fili zagaye da ɓawo, ko ƙuraje masu ruwa, wannan makero ne, wanki kaɗai ba ya kashe shi, sai maganin sha. Ki kai ta babban asibitin Kazaure ko na Babura, ko wanda ya fi kusa da ku, kuma a ware mata matajinta da hularta.

Masu shafa rilaksa ma su sani: a 2022 wani binciken cibiyar lafiya ta gwamnatin Amurka a kan mata sama da 33,000 ya nuna masu yawan amfani da man miƙar da gashi sun fi sauran haɗarin kamuwa da sankarar mahaifa. Wadda ta koma gashinta na asali ba ta yi asara ba, kulawa kawai yake so.

Nan za mu dakata. A fitowa ta gaba in Allah ya kai mu za mu taɓo kitso mai ɗaurewa da yadda yake cin gaban goshi. A ci gaba da aiko mana da tambayoyi. Ku huta lafiya.