Gumi Ba Ya Zubar da Girma

A ranar 25 ga Satumba, 1974, mutum 46 suka hallara a bakin ruwa a birnin San Diyego na Amurka, suka haɗa gudu da tuƙin keke da iyo a tsere guda. Ƙungiyar masu gudu ta garin ce ta shirya, don sha'awa kawai. Daga nan tirayatalon, wato tseren rukuni uku, ya samo asali, har ya shiga gasar Olamfik a birnin Sidni a shekarar 2000, inda ake iyo na kilomita 1.5, keke na kilomita 40, da gudu na kilomita 10. Har yau da yawa daga cikin masu yin sa ma'aikata ne da ke atisaye a ƙananan ƙungiyoyi kafin su tafi aiki.

Mai karatu zai ce, me ya haɗa wannan da masarautar Gumel, ƙasar yashi da rijiyoyi masu zurfi? Amsata ita ce, abin ɗauka a wurinsu shi ne tsarin ƙungiyar, kuma Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar suna da buƙatarsa.

Wannan wasa ba ya barin kowa ya zama gwani a komai. Wanda ya tsere wa kowa a ƙasa, in ya shiga ruwa sai ya koma ɗan koyo. Mu kuwa 'yan boko, da zarar mutum ya zama darakta ko likita, da wuya ya sake tsayawa a inda na ƙasa da shi zai gyara masa kuskure. A kan keke lissafin yakan juye. Saurayin da ke ɗauko kaya zuwa kasuwar Maigatari kowace Alhamis zai bar mai digiri biyu a baya, kuma shi zai koya masa yadda ake ratsa yashi ba a faɗi ba. In ban da sahun salla, wuraren da ke daidaita mu haka ba su da yawa.

Wasan yana kuma koyar da tattali. Wanda ya ƙarar da ƙarfinsa a rukunin farko, ƙafafunsa za su ci amanarsa a na uku. Manomin Gagarawa ya san wannan tun fil azal: damina gajeriya ce, geron da ya shiga rumbu kuma dole ya kai shi wata kakar. Ma'aikacin da ke cinye albashi a makon farko, da lafiyarsa kafin ya kai shekara hamsin, shi ne ya manta.

A shekarar 2016, a Kozumel ta ƙasar Meziko, zafi ya galabaita ɗan Ingila Jonny Brownlee dab da ƙarshen tsere yana kan gaba. Yayansa Alistair ya bar neman nasara, ya riƙo shi har ya tura shi ya ƙetare layi. Duniya ta yi ta mamaki, alhali wanda ya tashi ya ga gayya a gona ya san ba a tashi sai an gama kunyar kowa. Gayyar ce ke ja da baya a garuruwanmu, ba mu kuma samar mata da magaji ba.

Zancen ya wuce na nishaɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babba ya motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Ma'aikacinmu kuwa daga mota sai kujera, daga kujera sai tabarmar majalisa, hawan jini da ciwon suga suna bin sa a hankali. Abin da ke hana shi tashi kunya ce: kada a gan shi a kan keke a ce wane ya tsiyace. Mutum ɗaya ba zai iya karya wannan kunyar ba, amma malamai goma daga Kwalejin Ilimi ta Gumel in suka fito tare, a mako na uku an daina kallon su.

Akwai uzurori, kuma suna da amsa. Rashin wurin iyo ba ya hana farawa, domin wasan yana da ƙane da ake haɗa gudu da keke kaɗai. Keken gida ya isa. Zafin Afrilu yakan haura digiri 40, don haka a fito bayan asuba, a kuma fara da hunturu. A kauce wa hanyar Maigatari ranar kasuwa saboda manyan motocin dabbobi. Mata su yi tasu ƙungiyar a filin makaranta mai katanga, a lokacin da suka zaɓa. Shi kuwa iyo, kada a yar da shi: kududdufan damina suna cin yara, koya musu iyo a hannun wanda ya iya ceton rai ne.

Abu guda nake gargaɗi a kai: kada a jingina ƙungiyar da ɗan siyasa. Gasar da aka buga wa hoton ɗan takara a riga takan mutu washegarin zaɓe. A yi karo-karo irin na adashi don faci da ruwan sha, a tsayar da rana ɗaya a mako, a kuma kafa doka guda tun ranar farko: ba a watsewa sai na ƙarshe ya iso.