Lissafin Ribar Iskar Girki Daga Kashin Shanu

Amma ba'du, ya ku malamai da almajirai na Boɗinga da Shagari, ku sani tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuɗin ɗauko itace da gawayi ya hau, don haka maganar samun wutar girki daga kashin shanu ta cancanci a dube ta da idon lissafi.

Ga yadda abin yake. Ana gina rufaffen rami kamar rumbu a cikin ƙasa, a dama ɗanyen kashi da ruwa daidai wa daida, a riƙa zubawa kullum. Idan ya ruɓe inda iskar waje ba ta shiga, sai ya fid da wata iska mai kama wuta, a ja ta da bututu zuwa murhu. Mutanen Indiya da Sin sun daɗe a kan wannan, Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, wadda aka kafa a 1982, ita ma ta gina irinsa. Mai shakka game da tsarki kuwa, ai a mazhabar Malik kashin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne.

To, ina ribar? Iskar da za ta ishi matsakaicin gida tana bukatar kashi wajen kilo 50 kowace rana, watau na shanu huɗu ko biyar, da ruwa kwatankwacinsa. Wanda shanunsa ke kwana a turke, rijiya kuma tana kusa, lalle zai mai da kuɗin gininsa sannu a hankali: ya huta da sayen itace, matansa su huta da hayaƙi, sa'an nan abin da ramin ya tofar taki ne mai kyau ga gero da albasar fadama. Sau da yawa ana manta wannan takin a lissafi, alhali babban rabo ne na ribar.

Amma wanda garkensa ke tafiya neman ciyawa da rani, kada ya ci bashi saboda wannan, domin kashinsa yana daji, ramin kuwa ba ya yin azumi. Ku lura kuma, da hunturu iskar takan ragu, ruɓewa tana son zafi.

Shawararmu, masu turken shanu na unguwa guda su haɗa kuɗi su gina ɗaya kusa da makarantar allo, almajirai su riƙa rubuta abin da aka zuba da itacen da aka daina saye, har shekara ta zagayo. Haza wassalam.