Cike gurbi huɗu na RAM ba burgewa ba ne, sayen matsala ne

1/ Jama'a, akwai shawarar da ke yawo a tsakanin masu haɗa kwamfuta wadda ya kamata a binne: "Sayi RAM biyu yanzu, in ka samu kuɗi ka ƙara biyu ka cike." A zamanin DDR5 wannan shawarar tana cinye kuɗin mutane, tana kuma lalata musu aiki. Zare ne, ku biyo ni 🧵

2/ Mu fara daga tushe. Madabod ɗin da yawancinmu ke saya gurbi huɗu gare shi, amma layi biyu kacal ke shiga furosesa. Gurbi biyu a kan kowane layi. Ka cusa sanda huɗu, layin nan dai biyu ne. Ba ka faɗaɗa titi ba, motoci ka ƙara a kansa.

3/ Duk wanda ya ce maka sanda huɗu na ba da layi huɗu, to Threadripper ko Xeon yake tunani. Ryzen 5, Ryzen 7, Core i5, Core i7, har Core i9 na tebur, duk layi biyu ne.

4/ Mai kula da RAM a cikin furosesa yake zaune, ba a kan madabod ba. Shi ke aika sigina biliyoyin sau a daƙiƙa. In sanda biyu suka hau layi ɗaya, nauyin wutar ya ƙaru, siginar tana dawowa kamar amsa-kuwwa, sai 0 da 1 su fara rikicewa. Mafitarsa ɗaya: ya rage gudu.

5/ Kada ka ce ra'ayina ne. Duba abin da AMD ta rubuta da kanta a kan Ryzen 7000: sanda biyu, DDR5-5200. Sanda huɗu, DDR5-3600. A Ryzen 9000 biyu ta hau 5600, huɗu kuwa tana nan a 3600 ɗinta.

6/ Intel ma haka. Zubi na 12, wanda ya kawo DDR5 a ƙarshen 2021, iyakarsa 4800 a hukumance. Ka cike gurbi huɗu, ya sauko 4000, ko 3600 in sandunan masu ninki biyu ne.

7/ Yanzu ka lissafa. Ka biya kuɗin DDR5-6000 har sau biyu, sannan na'urar ta zauna a 3600, gudun da DDR4 mai araha ke yi hankali kwance. Garin neman ƙiba an samo rama kenan.

8/ "Ai sai in kunna XMP ko EXPO." To ka sani, wannan 6000 da ke jikin kwali obakulok ne, wato tura kaya su wuce gudun da mai furosesa ya lamunce. An gwada shi ne a kan sandunan da ke cikin kwalin nan tare. Kwali biyu daban-daban, babu wanda ya yi maka alkawarin komai.

9/ Ko da sunansu ɗaya, launinsu ɗaya, lambarsu ɗaya fa. Kamfanonin da ke manna suna a jikin RAM ba su suke ƙera ƙwayoyin ciki ba. Samsung, SK hynix da Micron ne manyan masu ƙerawa. Kwalin bara na iya zama hynix, na bana Micron, kowanne da irin saitin da yake so.

10/ Ga kuma yadda aka zana wayoyin madabod. Yawancin na yanzu a jere suke: layin ya bi ta gurbi na farko ya ƙare a na biyu. Shi ya sa littafin madabod ke cewa ka sa a A2 da B2, wato na biyu da na huɗu daga furosesa. Don sanda biyu aka gyara zanen.

11/ In kana son hujja mai sauƙi, kalli madabod ɗin da aka ƙera musamman don gasar obakulok: Apex na ASUS, Tachyon na Gigabyte, Unify-X na MSI. Tsada kamar me, amma gurbi biyu kawai. Masu neman gudu na gaske cire gurbi suke yi, kai kana cikewa.

12/ Abin da ya fi ɓata min rai shi ne "ai ta kunna, lafiya lau." Haba malam. Kunnawa daban, tsayuwa daban. RAM mara tsayuwa ba kullum take jefo shuɗin allo ba. Wani lokaci shiru take yi, ta juya ƙwayar bayani ɗaya, Windows ya adana kuskuren a faifai.

13/ Sai ka ga fayil ɗin furojet ya ƙi buɗewa ana saura kwana uku a miƙa. Bidiyon da ka kwana kana fitarwa ya tsinke a kashi 90. Gem ya rufe kansa. Ka zagi Windows, ka zagi wutar NEPA, ka goge komai ka sake lodi, mai laifin yana zaune a gurbinsa yana walƙiya.

14/ Kada kuma a ruɗe ka da cewa DDR5 na da ECC. Wanda ke cikinta yana gyara kuskure ne a cikin ƙwayar kawai. Abin da ya lalace a hanya tsakanin sanda da furosesa ba ruwansa da shi, kuma can ne matsalar sanda huɗu take.

15/ Ƙara da zafi. Sanda huɗu manne suke da juna, iska ba ta ratsawa, kuma RAM da aka matsa wa gudu tana fara kuskure in ta ɗau zafi. Saitin da ya tsaya da sanyin hunturu zai iya watsa maka ƙasa a ido a watan Afrilu.

16/ "To in ƙara mata wuta mana." A hankali. A 2023 an ga furosesoshin Ryzen 7000X3D sun ƙone saboda wutar SoC ta yi yawa, har AMD ta fitar da gyaran BIOS da ya kafe ta a 1.3V. Kada ka kwafi lambobin wani baƙo a intanet ka zuba wa kayan da ka yi shekara kana tara kuɗinsu.

17/ A yi adalci: a DDR4 lamarin da sauƙi. Sanda huɗu a 3200 ko 3600 sau da yawa suna tsayawa, a Ryzen 5000 ma har ɗan ƙarin ƙarfi ake samu in masu ninki ɗaya ne. Daga can shawarar ta samo asali. Amma dokar DDR4 ba ta aiki a kan DDR5.

18/ Wanda kuma aikinsa ke cin abin da sanda biyu ba za su ɗauka ba, ya cike huɗu, babu laifi. Yawa ya fi masa gudu. Sharaɗi: ya sayi kwali ɗaya mai sanda huɗu, ya duba jerin QVL na madabod ɗinsa, ya yarda da ƙaramin gudu.

19/ Sauranmu kuwa, sanda biyu manya. 2x16 ya ishi gem da karatu. 2x32 ga masu bidiyo da zane. Tun 2023 akwai sanduna masu 24GB da 48GB, wato 96GB a gurbi biyu. Ranar da ta yi maka kaɗan, sayar da tsofaffin ka sayi manya. Musanya, ba ƙari ba.

20/ In ka riga ka cike: sabunta BIOS, kashe XMP ko EXPO, ka hau gudun a hankali. Kowane mataki ka gwada da MemTest86 ko TestMem5 na sa'o'i, akwati a rufe yadda kake amfani da shi. Kuskure ɗaya tak ya isa ka sauko.

21/ Masu cewa gurbi a buɗe ba ya kyau a hoto, Corsair na sayar da sandunan bogi masu fitila kawai, babu komai a ciki. Sa su ka ɗau hotonka.

22/ Masu shago da masu haɗa wa mutane, ku ji: in ɗalibi ya kawo kuɗinsa, ku faɗa masa gudun da zai samu kafin ku cike masa gurbi. Kai kuma mai saye, tambaya ɗaya za ka yi: "A wane gudu za ta tsaya, kuma awa nawa ka gwada?" In ya fara kame-kame, riƙe kuɗinka. Tura wa abokin nan naka da ke shirin ƙara biyu a ƙarshen wata.